Awazar Sallah da ƙwayar farasitamol

Tun da watan Zulhajji ya kama wani saƙo yake ta yawo a zaurukan WhatsApp na dangi, daga Achilafiya zuwa Karkarna, ya leƙa Kazaure da Roni da Gwiwa, har 'yan uwanmu na Babura suka dawo mana da shi a matsayin sabon labari. Bidiyo ne na gashin awaza irin na mutanen tsibirin Hawai, inda ake shafe haƙarƙari da romon abarba da sukari da citta har ya yi jawur yana sheƙi. A ƙarƙashin bidiyon wani da bai sa sunansa ba ya jero gargaɗi da shawarwari, ya rufe da cewa a tura wa mutum goma saboda Allah. Abin dariyar shi ne a layin farko ya ce girkin haramun ne, a layin ƙarshe kuma ya koyar da yadda za a dafa shi da sauri. Wanda ya haɗa saƙon nan ko karanta abin da ya kwaso bai yi ba.

Yawancin abin da ke ciki bai cancanci dogon bayani ba. Wai girkin alade ne: a can akwai masu yi da alade, akwai masu yi da naman sa, kuma gashin da ya fi shahara da irin wannan romo, huli-huli, da kaza wani ɗan kasuwa mai suna Ernest Morgado ya fara shi a 1955. Awazar ragon layyarki ba ta zama wani abu daban don an shafa mata abarba. Wai abarba da nama in sun haɗu a ciki guba ne: ƙarya ce tsagwaronta. Wai zuma in ta ji wuta ta zama dafi: ƙamshinta ne kawai yake raguwa. Gargaɗin gaskiya game da zuma, wanda saƙon bai kawo ba, shi ne kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ɗanya ce ko dafaffiya.

Abu biyu suna da ƙamshin gaskiya. Wasu masu wannan girki, musamman a tsibiran Karebiyan, suna zuba giya a romon, kuma baƙin ruwan waken suya na kwalba wanda aka yi ta hanyar tsimawa yakan ɗauki ɗan burbushin barasa. Mai shakka ta karanta jikin kwalbar, ko ta bar shi gaba ɗaya ta sa daddawa da gishiri, hukuncin kuma na malamai ne. Haka batun ƙonannen nama da ciwon daji: ɓangaren da ya ƙone ƙurmus yana ɗauke da sinadaran da masana ke zargi, kuma a 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jan nama a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne suna jawo shi. Maganar yawan ci ce shekara da shekaru. A kankare baƙin a zubar, a ci sauran.

Layin ƙarshen ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ya ce in naman tsohon rago ne ko na saniya, a jefa ƙwayar farasitamol goma a tukunya, zai yi laushi cikin rabin lokaci, wuta kuma za ta kashe maganin. Wannan dabara ba sabuwa ba ce a Najeriya. An daɗe ana zargin wasu masu sayar da abinci da yin ta a kan ganda da ƙafar sa, hukumar NAFDAC kuma ta sha yin gargaɗi a kai. Sabon abu shi ne ta shigo madafin gida, ta hannun mutanen da muke ganin girmansu.

Ban ga laifin matan da suka karɓa ba. Wadda ta wuni a gaban murhu ranar Sallah, hayaƙi na cin idonta, yara na zagaye da ita da kwano, maigida na aiko tambaya daga zaure ko nama ya nuna, ta san darajar awa ɗaya. Itace ya yi tsada, gawayi ya yi tsada, gas kuwa ba a magana. Farasitamol kuma kowa ya saba da shi, yana cikin kowace jaka, ana ba yara, ana sayar da shi a kowane kemis ba tare da takardar likita ba. In Gwaggo ta ce, "Haba 'yar nan, maganin da muke sha kullum ne zai zama guba don ya shiga tukunya?" tambaya ce mai ma'ana, kuma ta cancanci amsa da lissafi.

Ƙwaya ɗaya ta manya miligiram 500 ce. Iyakar abin da babba mai lafiya zai sha a awa 24 shi ne miligiram 4,000, ƙwaya takwas ke nan, a rarrabe ba a lokaci guda ba. Goma da saƙon ya ce a zuba miligiram 5,000 ne. Yaro kuwa da nauyinsa ake auna masa, miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo. Ɗan shekara ɗaya da rabi mai kilo 10 bai kamata ya wuce miligiram 150 a sha ɗaya ba, wato ko sulusin ƙwaya bai kai ba.

Wuta kuma ba ta kashe shi. Ruwa yana tafasa a digiri 100, farasitamol kuwa sai wajen digiri 169 yake ko narkewa a busashe. A tukunya narkewa yake yi cikin ruwan, ya zauna. A nan ne wannan girki ya fi farfesu haɗari. A farfesu romo yana da yawa, ana raba shi kwano-kwano. A awazar da ake shafawa kuwa, ruwan dahuwar ake tafasawa har ya ƙafe ya koma ludayi biyu ko uku masu kauri da danƙo. Ruwa ne ya tashi, maganin yana nan, ya taru wuri guda ya haɗu da sukari da zai ɓoye ɗacinsa. Wa ke lashe cokali da gindin tukunya in an gama? Yaran gidan. Ɗan abin da zafi da tsamin abarba ko tsamiya suka iya farfasawa daga cikin maganin shi ma ba alheri yake zama ba, yana komawa wani sinadari da aka san yana cutar da ƙoda.

Yadda yake ɓarna a jiki sananne ne. Hanta ce ke sarrafa farasitamol, kuma a cikin aikin takan fitar da ɗan guba kaɗan wanda take da abin kashe shi a ajiye. In maganin ya yi yawa ajiyar ta ƙare, gubar ta koma kan hantar kanta. Muguntar abin ita ce ranar farko mutum yana iya jin tashin zuciya kawai, ko ma ya ji garau. Sai bayan kwana ɗaya zuwa uku ciwo ya kama gefen dama na ciki, ido ya yi rawaya, a ce shawara ce ta kama shi, a tafi neman saiwa. Ba mai tuna awazar shekaranjiya.

Masu cewa "mun daɗe muna yi, ba abin da ya same mu" ba lallai ƙarya suke yi ba, kuma ba zan bi sahun masu cewa loma ɗaya tana kashe ƙoda nan take ba. Ƙwaya ɗaya ko biyu a babbar tukunyar da manya goma suka ci ba za ta kai kowa ƙasa ba. Matsalar ita ce mai girki ba ta san cikin wa abincin zai shiga ba. Cikin baƙinta akwai wanda ya sha ƙwaya biyu da safe saboda zazzaɓi, ya ƙara da maganin mura wanda shi ma akwai farasitamol a ciki. Akwai mai ciwon hanta da bai san yana da shi ba, kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da cutar hanta nau'in B. Naman layya kuma ba a gida ɗaya yake tsayawa ba, kwano-kwano yake fita zuwa maƙwabta. Sannan wadda ta sa biyu bana ta ga bai yi laushi ba, baɗi biyar za ta sa. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Shin yana ma sa laushin? Abin da ke sa awaza tauri jijiya ce da tantanin da ke riƙe da tsoka, kuma abu biyu aka tabbatar suna karya su: doguwar dahuwa a wuta marar ƙarfi, da wasu sinadaran 'ya'yan itatuwa masu yanka furotin. Farasitamol ba ya cikin ko ɗaya. Naman da aka jefa wa ƙwaya aka rufe ya ƙara minti arba'in a wuta, minti arba'in ɗin ne suka yi aikin.

Abin haushin shi ne maganin taurin yana cikin bidiyon da aka turo. Ɗanyar abarba tana da wannan sinadari mai yanka furotin, ɗanyar gwanda ma haka, citta ma tana da nata kaɗan. Iyayenmu da suke naɗe nama a ganyen gwanda sun san abin da suke yi. Sai dai abarbar ta zama ɗanya, domin ta gwangwani da lemon kwali an dafa su, zafi ya kashe sinadarin. A markaɗa yanka biyu ko uku, a cuɗe awazar da shi tare da citta da tafarnuwa da gishiri, a rufe a wuri mai sanyi kamar awa ɗaya. In ya daɗe ƙwarai bayan naman zai yi laɓo-laɓo, ba daɗin tauna. A juya awazar a cire farin tantanin da ke manne da ƙashi ta ciki: a sa bakin cokali a ɗaga gefensa, a kama da tsumma a ja, zai taso gaba ɗaya.

Daga nan a dafa da ruwa kaɗan, murfi a rufe, wuta ƙasa-ƙasa, awa ɗaya da rabi zuwa biyu gwargwadon tsufan dabbar, har sai nama ya ja baya kan ƙashi ya fito. Mai tukunyar matsi za ta gama cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, kuma a nan ne ake samun sauƙin itacen da gaske. Romon da ya rage a zuba masa jiƙaƙƙiyar tsamiya da mazarƙwaila da barkono da ɗan kanumfari, a tafasa shi sosai tare da ragowar ruwan abarbar da aka cuɗe naman da shi, tunda ya taɓa ɗanyen nama, har ya kama bayan cokali. Shafawa sai a minti goma na ƙarshe a kan garwashin da ya lafa, ana juyawa ana ƙarawa, saboda sukari saurin ƙonewa gare shi. Zaƙi da yaji da gishiri a kan nama ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa cin kilishi.

In kuwa an riga an bi shawarar saƙon, an zuba ƙwayoyi da yawa an ci, musamman in yara sun sha romon, kada a jira ganin alama. A tafi asibiti a Kazaure ko wanda ya fi kusa a ranar, a faɗa wa likita gaskiya: ƙwaya nawa aka sa, ƙarfe nawa aka ci, wa ya fi ci, kuma wa ya sha wani magani kafin nan. Akwai maganin da ke kare hanta daga wannan guba, kuma ya fi aiki in an fara shi cikin awa takwas na farko. Ragowar naman da romon a zubar inda yara ba za su kai hannu ba.