Ko Kun Sani? Dalilin Faɗuwar Makin Gwanin Aji

Ko kun san yaron da ya saba zuwa na ɗaya yakan koma tsakiyar aji da zarar ya shiga makarantar zaɓaɓɓu, irin su makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da Kano ta buɗe a 1977? Ma'auni ne ya sauya. Duk wanda ke ajin gwani ne a inda ya fito, kuma matsayin na ɗaya mutum guda yake ɗauka. Ga Fiziks da Kemistiri na neman a warware matsala, abin da hadda ba ta iya yi wa ɗalibi. Binciken Herbert Marsh na 1984 ya ƙara wani dalili: ɗalibi yakan raina iyawarsa idan masu ƙoƙari suka kewaye shi, ko da ƙwazonsa bai ragu ba, raina kai kuwa na sanyaya gwiwa.

Iyaye kan ce lalaci ne. Akwai malalata, babu musu, sai dai lalaci ba ya kama rabin aji a zango guda. Shi ya sa a ganina sakamakon zangon farko bai isa a yanke wa yaro hukunci ba.