So da ƙauna: wutar kara da wutar icce

A ƙauyukan Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, in kaka ta yi an zuba hatsi rumbu, sai bukukuwan aure su kankama. Ango da amarya kamar su haɗiye juna. Amma bayan damana biyu ko uku, sai ka ji macce ta yi yaji, ko miji ya ce: "Ni dai ba na jin ta kamar da." To, son ne ya mutu?

Masana halin ɗan Adam sun ce so iri biyu ne.

Na farko shi ne zazzafan so na saurayi da budurwa. Mutum bai iya barci, abinci bai yi mashi daɗi, kullum tunaninshi na wurin mutum guda. A shekarar 2005, wata masaniya ƴar Amurka, Helen Fisher, da abokan aikinta sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane 17 da suka faɗa soyayya. In an nuna masu hoton masoyinsu, sai wurin da ke sa jin daɗi da kwaɗayi cikin ƙwaƙwalwa ya motsa. Shi ya sa Bahaushe ya ce so hana ganin laifi. Wannan son kamar wutar kara yake: ga haske, ga zafi, amma jiki bai iya ɗaukar shi haka har abada. Dole ya lafa.

Na biyu shi ne ƙauna, wato shaƙuwa da yarda da tausayi. Ita kamar wutar icce take, ba ta tashi sama, amma ita ke dafa tuwo, garwashinta kuma ya kwana. Ma'aurata da yawa ba su san haka ba. Da zafin farko ya rage, sai su ɗauka zama ya ƙare, a yi saki, yara su tagayyara.

Mi ke riƙe ƙauna? Wani masani, John Gottman, ya yi shekaru yana lura da ma'aurata a Amurka. Ya gano waɗanda aurensu ke ɗorewa su ma suna faɗa, ai harshe da haƙori ma sukan saɓa. Bambancin shi ne, ko cikin gardama, in an yi magana mai ɗaci guda, akwai masu daɗi wajen biyar. Ya ce babban abin da ke kashe aure shi ne raini.

Abubuwan ƙanana ne. Miji ya ce "sannu da aiki" in ta dawo daga rijiya. Macce ta tambayi yadda ya baro gona. A yi shawara kafin a sayar da akuya ko a buɗe rumbu. Wanda ya tafi biɗa Katsina ko Kano ya riƙa kira, kada ya tsaya ga aiko kuɗi kawai. Mai mata biyu ya yi adalci.

Amma haƙuri na da iyaka. Duka da zagi da hana abinci ba lafawar so ba ne, zalunci ne. Sai a kai maganar gaban iyaye, ko liman, ko mai gari.

Tambayoyi

1. Mi ya bambanta so da ƙauna?
2. A garinku, mi ya fi kawo yaji da saki?
3. Wace magana mai daɗi za ka faɗa a gida yau?