Kafin A Sauka Rijiya Ko Rami, A Auna Iskar Ciki

Da zarar kaka ta wuce, ƙarar injin ban-ruwa ke tashi a fadamun Talata Mafara, Bakura da Maradun. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakalori a 1978, noman rani ya zama abin dogaron dubban gidaje a yankin, sai dai ba kowace gona ruwan kanal ke kaiwa ba. Wanda gonarsa ta yi nisa rijiya yake haƙawa. Ga masu yasar rijiyoyin gida idan rani ya tsananta, ga kuma samarin da ke sauka ramukan zinare, sana'ar da gwamnatin tarayya ta haramta a Zamfara a 2019, ta ɗage haramcin a Disambar 2024. Dukansu suna shiga wuraren da iska ba ta zagayawa.

Idan tsautsayin ya faɗa, labarin kusan iri ɗaya ne. Mutum ya sauka, a ji shiru. Ƙaninsa ya leƙa ya kira "Yaya! Yaya!", bai amsa ba, ya bi shi, shi ma shiru. Kafin a ankara an yi asarar mutum biyu ko uku, sai a fara cewa rijiyar tana da aljanu.

Iskar da muke shaƙa a fili, kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a 19.5: ƙasa da haka ba a shiga. A wajen 16 tunani kan fara rikicewa, ƙafa ta yi nauyi. Idan ta sauka ƙasa da 10 mutum zai sume, kuma ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba oksijin. A gindin rijiya, ruɓaɓɓen ganye da laka da tsatsar ƙarfe suna cinye oksijin, iskar kabon dayoksaid mai nauyi ta kwanta a wurin. Abin tsoron shi ne jiki ba ya sanar da mutum cewa oksijin ya yi ƙaranci. Ba wari, ba zafi, wani lokaci ko haki babu.

Babu wanda ya ɗauki wannan haɗari da muhimmanci kamar masu nutso a teku da kogunan cikin duwatsu. Wasunsu na amfani da na'urar da ke mayar musu da numfashin da suka fitar: wani sinadari ya tsotse kabon dayoksaid, a ƙara oksijin daga tukunya, su sake shaƙa. Rayuwarsu ta rataya ne ga wasu ƙananan ma'aunai da ke faɗin yawan oksijin. Galibi guda uku ake sakawa, don idan ɗaya ya yi ƙarya biyun su tona shi. Kafin su shiga ruwa suna gwada su da iskar da aka riga aka san adadinta, wato iskar fili da kuma tsantsar oksijin, kamar yadda mai awo ke daidaita sikeli kafin ya ɗora buhu. Bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi suna canza su ko da suna nuna lafiya lau.

Wannan ladabin ne ya kamata ya iso bakin rijiyoyinmu. Akwai ƙaramar na'urar auna iska, girmanta bai wuce wayar hannu ba, wadda ƙungiyar manoman rani ko masu rami za su iya haɗa kuɗi su saya. Amma sayen kaɗai bai wadatar ba, domin na'urar da ta lalace ta fi rashinta haɗari: tana sa mutum ya sauka da ƙwarin gwiwa. A kunna ta a fili, nesa da hayaƙin janareta da babur. Ya kamata ta nuna 20.9. Sai a hura mata numfashi a hankali. Numfashin da muke fitarwa yana da oksijin kusan kashi 16, don haka dole lambar ta sauka, ƙararrawa ta yi kuka, sannan ta koma 20.9. Idan ta tsaya cak, ko ta yi nawar komawa, a ajiye ta. Bayan haka a ɗaura mata igiya a zura, a tsaya a sama, a tsakiya, da can gindi, ana ba ta lokaci a kowane mataki.

Ma'aunin da ke cikinta ɗan batir ne da ke cin kansa a hankali, ko ana aiki da shi ko yana cikin akwati. Yawanci bai wuce shekara biyu, kuma zafin Afrilu irin namu na rage masa kwana, don haka kada a bar shi cikin rana. Da yawansu akwai dalma a ciki. Jihar da ta rasa yara sama da 400 saboda gubar dalma a Anka da Bukkuyum a 2010 ba ta buƙatar a tuna mata kada a jefar da irin wannan inda yara ke wasa.

Wanda ba shi da na'ura fa? Dabarar iyaye ta zura fitilar ƙwai tana da tushe: idan harshen wutar ya dushe ko ya mutu, ba a shiga. Amma tana da iyaka biyu. Ba a kai wuta ramin masai ko sokawe, domin iskar ciki na iya fashewa. Sannan fitila za ta ci gaba da ci lafiya ƙalau a cikin iskar kabon monoksaid, wadda ke fita daga injin fetur, ba ta da launi ba ta da wari. Ita ma na'urar da oksijin kaɗai take aunawa ba ta ganinta, sai wadda ke da ma'aunin kabon monoksaid. Shi ya sa saukar da injin ban-ruwa cikin rijiya don tiyo bai kai ba ganganci ne. A ƙara tsawon tiyon, injin ya zauna a sama, bututun hayaƙinsa na kallon nesa da bakin rijiyar.

Rijiyar da ta daɗe a rufe a buɗe ta ta sha iska, a tura mata sabuwa da fanka da faffaɗan bututu har gindi. Mai sauka ya ɗaura igiya a ƙirji ta ƙarƙashin hammata, a sami ƙarfafa aƙalla biyu a sama suna riƙe, suna jan sa da hira. Da muryarsa ta canza, ko ya fara amsa abin da ba a tambaye shi ba, a jawo shi ba tare da neman izininsa ba.

Idan kuwa ya sume, kada kowa ya bi shi haka nan, ko da uba ne ko ɗa. A jawo shi da igiyar, a kwantar da shi a fili. In ba ya numfashi a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri. Kada a ɗura masa madara ko manja, zai iya shaƙewa. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi asibiti a gaya wa likita ko akwai inji a kusa da ramin, domin illar kabon monoksaid kan iya bayyana bayan kwanaki.