Kaurin Ɗanyen Mai A Ƙarƙashin Ƙasa

Tun da aka ba da labarin samun man fetur a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, cikin 2019, jama'a su kan tambaye mu ko ƙasar Yawuri ma za ta samu. To, duwatsun Yelwa da Ngaski tsofaffi ne masu tauri, irin waɗanda a kan sami zinariya a cikinsu, kamar ta Bin Yawuri. Shi mai kuwa a kan neme shi inda rairayi da laka suka taru suka daskare, kamar kwarin Sakkwato da na Bida, maƙwabtanmu.

Amma ko an samu, da sauran magana. Mai ba ya kwance kamar ruwan tafkin Kainji. Yana cikin 'yan ƙananan ƙofofin dutse ne, kamar ruwa cikin soso, sai ya tsatso ya iso rijiya. Wani Bafaranshe, Henry Darcy, ya gwada yadda ruwa ke ratsa rairayi cikin 1856, a kan aikinsa masana mai suka gina lissafinsu: in kaurin mai ya ninka biyu, abin da rijiya ke bayarwa ya ragu da rabi.

Abu uku ke sarrafa wannan kauri. Na fari zafi. Kowa ya san yadda man ja ke daskarewa a kasuwar Yelwa da hunturu, in an ajiye shi a rana ya narke. Ƙasa kuwa zafinta yana ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita ta zurfi, saboda haka mai ya fi tsinkewa a can. Na biyu iskar gas da ta narke cikinsa, ita ma tana tsinka shi ƙwarai. Na uku dannin da ke kansa. Muddin dannin nan yana da ƙarfi, gas ba ta rabuwa da mai. In aka yi ta ɗiba har ya faɗi, sai ta fita kamar kumfar kwalbar lemo, man da ya rage ya yi kauri, ya maƙale cikin dutse. Gaggawar ɗiba ta kan jawo wannan hasara.

Watau man da aka zuba a kwalba a bakin rijiya ya riga ya huce, gas ta tsere, ba shi ne na ƙasa ba. Ɗauko shi da zafinsa da danninsa kuwa yana da tsada. Don haka masana suka tsara hanyar ƙiyasi. Beal cikin 1946 ya nuna yadda za a san kaurin mai marar gas daga nauyinsa da zafinsa. Chew da Connally cikin 1959 suka ƙara lissafin gas, Beggs da Robinson suka sake tsarawa cikin 1975. Yau kwamfuta ke wannan aiki. Amma fa galibin man da suka auna na wasu ƙasashe ne, ƙiyasin ya kan kauce in an ɗora shi kan man wani wuri. Lalle sai an gwada shi da namu.

Wa zai yi gwajin? Yaran da ke gabanku ne, malamai. Ku ba su man ja da man gyaɗa da ruwa, su tsiyaya ta mazurari ɗaya da sanyin safiya, su kuma da rana tsaka, su rubuta daƙiƙun kowanne, su kwatanta. Da irin wannan awo masanan nan suka fara.