Inshorar injinan ɗinki: Abin da ya kamata telolin birnin Zariya su sani

A cikin ganuwar birnin Zariya, daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo da lungunan da ke kewaye da kasuwar birni, da wuya mutum ya yi doguwar tafiya bai ji ƙarar keken ɗinki ba. Zazzagawa sun daɗe da yin suna wajen ɗinkin babbar riga, musamman aikin hannu irin su aska biyu da aska takwas, wanda jarinsa bai wuce allura da zare da haƙuri ba. Yau kuwa jarin ya koma cikin ƙarfe. Bayan tsohon keken Butterfly da Singer na ƙafa, an samu kekunan lantarki irin su Juki, sannan injinan surfani masu aiki da kwamfuta, waɗanda kuɗin guda ɗaya kan kai miliyoyin naira.

Sau da yawa ba telan ne kaɗai mai injin ba. Akwai ma'aikacin gwamnati da ya zuba kuɗin sallamarsa ya saya wa ɗansa, akwai ɗan kasuwar da ya ba da shi a kan yarjejeniyar raba riba. Idan injin ya salwanta, gida biyu ko uku ne ke shiga wani hali.

Gobara ce aka fi tsoro, kuma da dalili. Shagunan birni a cushe suke, cike da yadi da zare, ga dutsen guga na gawayi, ga galan ɗin fetur a gefen janareta, ga lungun da motar kashe gobara ba ta iya shiga. Gobarar da ta cinye kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ta isa darasi ga duk mai dukiya a rumfa. Sai dai abin da ya fi yawan kashe injin kwamfuta ba ya zuwa da hayaƙi mai yawa. Wutar lantarki ce da ake maidowa da ƙarfin da ya wuce kima, ko janareta mai hawa da sauka, ta ƙona allon da ke sarrafa injin cikin ƙiftawar ido. Ƙarfe yana nan lafiya, amma ya zama gawa.

A nan ne mutane da dama ke yin kuskure, domin suna ɗaukar inshora abu guda ce. Ba haka ba ne. Inshorar gobara daban, ta fasa shago daban, ta lalacewar inji daban. Takardar inshorar gobara da aka saba bayarwa tana biyan ɓarnar wuta da tsawa, amma galibi tana togace na'urar da ta ƙone da kanta saboda matsalar lantarki. Wato idan waya ta yi tartsatsi a cikin injin, wuta ta kama shago, za a iya biyan kuɗin teburi da yadi, a ƙi biyan injin da wutar ta taso daga cikinsa. Mai son a rufa masa wannan ɓaraka sai ya nemi inshorar lalacewar inji ko ta na'urorin lantarki, ya kuma tabbatar an rubuta hauhawar ƙarfin wuta ƙarara a cikin takardar. Ambaliya da guguwa da tarzoma su ma ƙari ne da ake nema a biya musu na daban.

Inshorar fasa shago tana da nata sharaɗin: dole a ga alamar an shiga da ƙarfi, kamar karya kwaɗo ko fasa bango. Injin da ya ɓace ƙofa a rufe, ko wanda yaron shago ya yi gaba da shi, ba ya shiga ciki. Haka kayan mutane. Ana gobe Sallah, shaddar da ke jibge a shagon babban tela kan iya fin injinsa tsada, kuma ba a biyan ta sai an ambace ta tun farko a matsayin kayan amana.

Tarko mafi girma shi ne ƙimar da aka rubuta. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. A 2024 ta haura naira 1,500. Tun da daga waje ake shigo da injinan da kayan gyaransu, farashin ya bi dala. Kamfanonin inshora kuwa suna da ƙa'ida: wanda ya rubuta rabin ƙimar kayansa, rabin asararsa za a biya shi. Misali, inji ne aka yi masa inshora a kan naira miliyan 4, alhali yanzu ya kai miliyan 8. Idan ya yi ɓarnar miliyan 2, miliyan 1 za a bayar, sannan a cire kason da aka yi yarjejeniyar mai kaya zai ɗauka da kansa. Mutumin zai fita yana cewa an cuce shi, alhali abin yana rubuce a takardar da bai karanta ba, ko da yake wakilan da ke karɓar kuɗi ba su yi bayani ba su ma ba su fita daga laifi ba. Maganin shi ne a sake duba ƙimar duk shekara lokacin sabuntawa, a kuma tambaya ko kuɗin sabon inji za a biya, ko za a rage na tsufa.

Ga mai ƙyamar inshora saboda addini, akwai takaful. Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful sun samu lasisi a 2016. A tsarin, mahalarta suna zuba gudummawa a asusu guda don taimakon wanda asara ta faɗa wa, ba a juya kuɗin a harkar riba, kuma idan an samu rara ana iya raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Ya yi kama da adashin da teloli suka saba da shi, sai dai adashin layi ɗaya ba ya iya ɗaukar nauyi ranar da layin gaba ɗaya ya ƙone. Sharuɗɗan da aka ambata a sama kuwa suna nan a takaful kamar yadda suke a inshora.

Ko wanne aka zaɓa, babu kariya sai an biya kuɗin. Alkawarin baka ba ya aiki. A tabbatar kamfanin da dillalin suna da rajista da NAICOM, wadda kuma take karɓar ƙorafin wanda aka hana haƙƙinsa. A adana rasit da lambar jikin inji da hotonsa a wani wuri da ba shagon ba, domin wanda ya sayi na hannu babu takarda yakan sha wuya wajen tabbatar da mallaka. In abu ya faru, a sanar da kamfani nan take, a nemi rahoton 'yan sanda ko na hukumar kashe gobara, kuma kada a kira mai gyara ya buɗe injin kafin mai tantance asara ya gani.

Kamfanin zai kuma duba ko an yi sakaci. Saboda haka injin kwamfuta yana buƙatar sitabilaiza mai ƙarfin da ya dace da shi, da wayar ƙasa, da cire soket duk lokacin da aka ɗauke wuta ko hadari ya taso. Da hunturu a riƙa rufe shi saboda ƙura, ana share burbushin zare, ana sa masa mai a kan lokaci. Da damina kuwa, wanda shagonsa ke cikin tsohon soro ya ɗaga injin daga ƙasa, ya nisanta shi da bango, ya kuma sa a duba rufin da indararo tun kafin ruwan farko.