Azurfar Lauriyon da Bashin da Ke Kan Atina

Idan ana hirar wayewar duniya, da wuya a tashi ba a ambaci Atina ba, birnin Girka na da, mahaifar Aflaɗon, inda aka gina ɗakin bautar Fartenon tsakanin shekarar 447 zuwa 432 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wurin da ba a cika ambata ba shi ne Lauriyon, wani yanki mai duwatsu a kudancin birnin, inda bayi ke haƙo azurfar da aka riƙa buga kuɗin Atina da ita.

Ramukan suna nan har yau. Wasu sun wuce mita 100 a zurfi, hanyoyin ciki kuwa da yawansu mutum ba ya iya miƙewa tsaye, sai rarrafe da fitilar mai a hannu. A wancan zamani, a bakin rami ake narka dutsen don raba azurfa da dalma, hayaƙin kuma guba ne. Masana na ƙiyasta cewa a lokacin da harka ta fi bunƙasa, bayi dubu 10 zuwa 20 ne ke wannan aiki. Attajirin nan kuma jagoran yaƙi, Nikiyas, shi kaɗai yana da bayi 1,000 da ya bayar haya a mahaƙar, kowane kai yana kawo masa obol guda kullum, wato kashi ɗaya cikin shida na dirakma, kuɗin Atina. Sharaɗin shi ne wanda ya ɗauki hayar ya riƙa cike gurbin duk wanda ya salwanta, don kada lissafi ya ragu.

Wannan azurfa ce ta ceci birnin. A shekarar 483 kafin haihuwar Annabi Isa aka ci karo da wata jijiya mai albarka, mutanen gari suka so a raba dirakma goma-goma, ɗan siyasa Temistokilis ya shawo kansu aka ƙera jiragen yaƙi, waɗanda masanin tarihi Herodotus ya ce 200 ne. Da su aka karya rundunar ruwan Farisa a Salamis a shekarar 480. Daga nan ƙarfin Atina ya taso, harajin ƙawayenta ya riƙa kwararowa, gine-gine da wasannin kwaikwayo da makarantun falsafa suka biyo baya.

To, shin abin da aka samu ya wanke yadda aka same shi? Akwai manyan da suka kusa cewa e. Masanin falsafa Aristotil ya ɗauki bawa a matsayin kayan aiki mai rai, yana ganin in dai ƙoshiya ba za ta yi saƙa da kanta ba, dole a sami wanda zai yi domin wani ya sami sukunin tunani. A wata ƙasida da ya rubuta wajajen 1872, Nietzsche, masanin falsafa na Jamus, ya fito fili ya ce bauta na cikin ainihin al'ada mai girma. Engels ma, abokin Karl Marx, ya rubuta a 1878 cewa ba don bauta ba da ba a sami fasaha da ilimin Girka ba, kodayake shi bayanin tarihi yake nufi.

Nan ne ake yawan zamewa. Faɗin yadda abu ya faru daban, halasta shi daban. Kuma ko a matsayin bayani, maganar tana da rauni. Sparta ta fi Atina dogaro da gumin waɗanda ta danne, tsibirin Kiyos kuma, in ji masanin tarihi Tusididis, ya fi kowane birni yawan bayi in ban da Sparta. Ina Fartenon ɗinsu? Bauta ta game duniyar wancan zamani kaf, amma irin abin da Atina ta yi a ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa bai game ba.

Akwai wata shaida da ta fi burge ni. Lissafin kuɗin ginin ɗakin bautar Erekteyon, maƙwabcin Fartenon, an sassaƙa shi a dutse wajajen 409 zuwa 407, kuma wani sashe nasa ya tsira. Cikin ma'aikata 86 da aka gano matsayinsu, 24 'yan gari ne, 42 baƙi mazauna, 20 bayi. Kafaɗa da kafaɗa suke gyara ginshiƙi guda, farashin aikinsu ɗaya, kusan dirakma a yini, babu mai iya duban dutsen yau ya ce nan hannun ɗa ne, nan na bawa. Bambancin kawai shi ne ladan bawa hakkin ubangidansa ne. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ashe gwanintar ba ta buƙaci sarƙa ba. Abin da sarƙar ta yanke shi ne aljihun da kuɗin zai shiga.

Mai cewa riba ta fi asara yana haɗa lissafin mutum biyu ne a littafi guda, alhali wanda ya biya daban, wanda ya mora daban, kuma ba a nemi yardar na farko ba. Da bayin suka sami dama sun ba da amsa: bayan Spartawa sun kafa sansani a Dekeliya a shekarar 413, bayi fiye da 20,000 suka tsere daga ƙasar Atina. Sannan lissafin ba ya ƙirga abin da aka binne. Masanin falsafa Efiktetus bawa ne a Rum, ya sami 'yanci, koyarwarsa ta kai har ga sarki Markus Oreliyus. Nawa irinsa suka ƙare a rami suna da shekara ashirin?

Kada mu ɗauka zancen Turawa ne kawai. Baturen nan Barth ya yaba saƙa da rinin Kano da ya zo a 1851, amma auduga da baban da ke ciyar da masaƙa da marina, kaso mai yawa daga rinji da gandaye suke fitowa, inda bayi ke noma. Muna iya alfahari da turkuɗi mu kuma faɗi wannan.

Wasu kan ce kada a auna mutanen da da mudun yau. Sai dai Aristotil da kansa ya ambaci cewa a zamaninsa akwai masu ganin bauta ta saɓa wa ɗabi'a, ƙarfi ne kawai ya kafa ta. An ji su, aka zaɓi azurfa. Wajajen 355 kafin haihuwar Annabi Isa, da baitulmalin Atina ya bushe, Zenofon, almajirin Sukurat, ya ba da shawarar hukuma ta sayi bayi har sai kowane ɗan gari ya tashi da uku, a ba da su haya a Lauriyon. Cikin damuwar da ya tsaya warwarewa akwai ta sata, ya ce a buga musu hatimin hukuma a jiki.