Gubar Da Ke Cikin Mataccen Batir

Mutumin Zamfara ba ya buƙatar dogon bayani kan dalma. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin da ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma: ƙurar dutsen zinariya mai ɗauke da dalma da ake niƙawa a tsakar gida. Yara kusan 400 suka rasu. To, dalmar nan ita ce dai a cikin batirin sola da na mota da na babur, har da gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya.

Rashin wuta ya sa sola ta shiga gidaje da shagunan cajin waya a Rawayya, kamar yadda ta shiga Gusau da Tsafe. Batir kuwa ba ya daɗewa. Da ya daina riƙe caji, ɗan gwangwan zai ɗora shi a sikeli ya biya. Sayarwar ba laifi ba ce, fasawar ce abin tsoro. A sa guduma a buɗe shi, a tsiyaye ruwan a ƙasa, a zare farantan ciki da hannu tsirara, ƙurarsu ta bi iska ta sauka inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki.

An ga ƙarshen wannan a Thiaroye, wata unguwa a gefen Dakar ta Senegal. Mata suka riƙa tankaɗe ƙasar wurin fasa batir suna tsintar dalma su sayar, wasu har gida suke kai ƙasar. Daga ƙarshen 2007 zuwa 2008 yara 18 suka mutu.

Haka ƙona wayar wuta don fitar da jan ƙarfe: baƙin hayaƙin robar nan huhu yake ci. Duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, abin da aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Muguntar dalma ita ce ɓoyewa. Yaro ya yi ta ciwon ciki, ya ƙi abinci, karatu ya ƙi shiga, a ce daƙiƙi ne. In ta kai ga jijjiga, a ce iska ce, a tafi neman rubutu. Gwajin jini kaɗai ke tona ta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce komai ƙanƙantarta a jini tana da illa.

Kada a fasa batir a cikin gida, a sayar da shi a rufe. Mai sana'ar fasa batir kuma ya sauya kaya, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ɗauki ɗansa.